Sunan da Inno Ta Ƙi Faɗa

"Ina gajiya, amaryata? Wa ya ba ki izinin fitowa?"

"Gajiya ai yanzu na same ta da na gan ka. Matsa min tabarmar, angon da bai taɓa sayen ko zare ba."

Ni ina gefe da faifan gorona, don a ƙofar gidan hakimin Roni nake kasawa shekara da shekaru, kuma Allah ya yi ni da kunne. Mai maganar farko Falalu ne, malamin hakimi. Tsohuwar kuwa kakarsa ce, Inno. Ɗanta na fari, Sama'ilu, ya bi shanu ya faɗa Kamaru ta Faransa shekara goma sha tara ke nan, ya zauna a Banyo. Bana ya aiko a kai masa uwarsa. Takardar neman izinin ƙetare iyaka Falalu zai cika mata, motar Kazaure ta kai takardar Kano.

"Kin san ƙasar da kike rawar ƙafar zuwa kuwa?" in ji Falalu. "Duwatsu ne zalla. Waɗannan namu na Roni a can murhu ake yi da su."

"Na hau dutse da ƙwaryar nono a ka da uwarka a baya. Kai fa? Jaki ya kayar da kai a fili."

"Ruwa wata bakwai yake zuba. Sanyin can kuwa, haƙoran ƙarshen nan naki guda uku sai sun karkaɗe."

"Su karkaɗe. Wane nama ka taɓa kawo min da zan yi kewarsu?"

"To mutanen fa? Ba kowa ke jin Hausa ba. Fillanci ake yi har a kasuwa, kuɗinsu ma sefa ne."

"Ashe gida zan je. Kai ne za a sayar a can ba ka sani ba, ɗan Fulanin da ko gaisuwa bai iya ba."

Falalu ya yi dariya ya jawo alƙalami. "Doka uku ce. Ta farko hoto."

Ta kwance bakin zane ta miƙa masa. Ya duba, ya dafe ƙirji. "Inno, Faransawa na ganin wannan za su rufe iyaka."

"Da wannan fuskar kakanka ya ba da saniya bakwai."

"Makaho ne, Allah ya jiƙansa. Ta biyu lambar agana."

Ta janye mayafi ta nuna masa tabon a damtse. "An yi min a Kazaure, ko uffan ban ce ba. Kai ranar taka har gidan sarki aka ji ihunka."

"Ta uku." Ya gyara zama, na ga shaƙiyanci a idonsa. "Sunan wanda za ki sauka wurinsa, da abin da yake a gare ki."

Inno ta kau da kai. Duk Roni an san ta da kunyar ɗan fari. Tun da ta haifi Sama'ilu ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa cewa nata ne a gaban mutane ba.

"Rubuta wancan," ta ce.

"Wancan wa? Banyo cike take da wancan."

"Mai shanun nan."

"Kowa a can mai shanu ne."

"Yayan uwarka, ɗan nema. Ba ka san shi ba?"

"Ni malamin hukuma ne yau, ba ni da kawu. Da bakinki doka ta ce."

Ƙarya yake yi, wallahi, ba dokar da ta ce haka. Na buɗe baki zan tona shi, ya harare ni.

"To me yake a gare ki?" ya ƙara.

"Maƙwabci ne."

"Maƙwabci a tafiyar kwana goma? Faransawa ba sa barin mace ta bi maƙwabci."

Sai ta ɗauki hotonta ta fara ƙulle shi a bakin zane.

"Bar shi, Falalu. Shekara goma sha tara ina kwana da shi a raina ina tashi da shi. Ina so in gan shi kafin a binne ni, Allah ya sani. Amma abin da ban yi da ƙuruciya ba, ba zan yi shi a ƙofar hakimi ba."

Ta yunƙura za ta tashi. Tausayinta ya kama ni, shi kuwa gogan duk ya rikice.

"Haba Inno, zauna. Wasa nake yi. Tun jiya na rubuta, ga shi." Ya ɗaga takardar ya karanta. "Za ta sauka wurin ɗanta, Sama'ilu, a Banyo."

Ta tsaya a durƙushe. "Me ka ce? Kunnen nan ya yi nauyi."

Wannan tsohuwar da ke jin faɗuwar goro daga bayan kasuwa. Falalu ya dube ta, ya gane.

"Ɗanta, Sama'ilu."

"Iska ta kwashe. Sake."

Ya sake, a hankali, har sau uku. Tana ta kallon ƙasa tana murmushi, ta goge ido da gefen mayafi.

"To, na ji. Karatun naka ma da gyara."

"Kin ci ni, tsohuwa," in ji Falalu yana dariya. Ya ɗebi goro biyar farare a faifaina ya zuba mata a hannu. "Ki kai wa maƙwabcin naki."

"Zan kai masa huɗu," ta ce. "Ɗaya ladan amarya ne."