Ranar da Na Sa Kawu Guɗa

Goggo Dija ce ta kawo mini faifan bidiyon bikin 'yarta har gida a Mayo Gwoi.

"Ka mayar mini da shi na waya, dangi suna jira."

"Goggo, kafin shayinki ya huce an gama," na ce, ina buɗe kwamfuta kamar likitan da zai shiga tiyata. Na danna zaɓi mafi sauri. Ko kallo ban yi ba na tura wa dangi gaba ɗaya.

Ashe sautin ya riga hoton da minti guda. Kawu Bello, dattijon da ko murmushinsa ba a cika gani ba, ya gyara rawani, ya ɗaga hannuwa zai yi addu'a. Yana buɗe baki sai ga guɗar mata ta fito, doguwa, har da karkarwa.

Da muka kunna, Goggo ta riƙe ciki tana dariya. Sai ga kiran Kawu.

"Ɗana, ashe haka muryata take?"

Na gyara washegari, amma ba wanda ya goge na farkon.

Har yau in na shiga taron dangi sai mata su rangaɗa guɗa, Kawu kuma ya ce, "Ku shaida, wannan karon ba ni ba ne."