Rasuwar Maɓallin Ajiya, Wanda Aka Binne Da Ransa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, tare da miƙa wuya ga hukuncin Mai Duka, ɗakin rajista na asibitin haihuwa yake sanar da rasuwar maɓallin nan mai suna Ajiye, wanda ya daɗe a kusurwar fom ɗin kwamfuta, can ƙasa daga dama.

Jama'a, marigayin ɗan ƙarami ne, ruwan toka, bai fi ɗan yatsa ba. Mijin malamar rajista ne ya gina shi da hannunsa, Allah Ya jiƙansa shi ma. Da an danna shi sai ya ce ƙit, sannan rubutu ya fito: “An ajiye. Tashi ki sha ruwa.” Tun da aka kai mijin nata makwancinsa, nan kaɗai malama ke jin irin maganarsa.

Ciwon ajali ya fara ne ranar da likitoci suka nemi wurin rubuta rukunin jinin masu jego. Aka kira mijin 'yar malama, mai gyaran kwamfuta. Fom kuwa ya cika maƙil, babu masaka tsinke. Bawan Allah ya ja sabon akwati mai faɗi, ya shimfiɗa shi a kan marigayin bai lura ba, ya yi wani maɓallin ajiyar a sama, shuɗi, mai kyau, bebe. Malama tana tsaye tana gani. Amma ina bakin gaya wa suruki cewa ya danne muryar mijinta? Ta yi masa sannu da aiki.

To, sai abin ya fara. In tana tsallake akwatuna da maɓallin Tab, da ta wuce akwatin nauyin jariri sai ɗan tsinken nan mai ƙiftawa da ke nuna wurin rubutu ya ɓace, ba ya ko'ina a allo. Ran nan ta danna Enter a cikin wannan duhun. Ƙit. Daga ƙarƙashin rukunin jini aka ce ta tashi ta sha ruwa. Ungozomar da ke gefenta ta ajiye biro ta fita, har yau ba ta zama kujerar nan.

'Yar malama ce ta kai wa mijinta labari. Ya zo kansa a sunkuye, ya tono marigayin, ya dawo da shi gaba. Sai ga shi ya rufe rabin rukunin jini, ba a gane A daga AB. Dole ɗaya ya kwanta a ƙasa. Malama ta dubi masu jegon da ke jere a benci, ta ce da bakinta a mayar da shi baya.

Ya rasu ya bar malama, da akwatin suna, da na nauyi, da ƙanensa shuɗi wanda bai gaji komai nasa ba.

Za a yi jana'iza gobe bayan an sallami layin safe. Surukin zai tura shi can bayan komai, kuma ya yi alkawari ba zai goge shi ba. Ungozoma ta nemi canjin tebur, an ba ta. Malama tana nan a kujerarta, da kofin ruwa kusa da allo. Mai son ziyara ya je akwatin nauyin jariri, ya danna Tab, ya yi sallama.