Ranar Da Na Rushe Rabin Afirka A Tsugune

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini komai, da wata ranar Laraba a ƙarshe-ƙarshen mulkin soja, lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a wani ofishin safiyo a Sakkwato. A shekarar aka kawo mana kwamfutar zana taswira. Aka ware mata ɗaki guda, aka shimfiɗa kafet, aka sa mata na'urar sanyi, kuma ba mai shiga da takalmi. (Mu 'yan Adam muna can muna dahuwa a ƙarƙashin wata fanka mai kuka, Hajiya Kwamfuta kuwa tana shan iska.) Mutum biyu aka yarda su taɓa ta: Madam Saratu, shugabar sashenmu, 'yar Jos da ta yi kwas a kanta, sai ni da Madam ta koya wa. Daga ranar, ko salon tafiyata ma ya canza.

Aikin ba shi da wuya. Duk abin da kake so kwamfutar ta yi, sai ka danna, wani ɗan akwati ya buɗe a fuskarta da gurabe yana yi maka tambayoyi: wane titi, nisa nawa, da wane ma'auni. Ka cika, ka danna maɓallin ƙasa, ta yi maka. Ni har na haddace inda kowane gurbi yake, ina cika baki cewa ko ido rufe zan iya.

A lokacin ina neman auren Balkisu, 'yar wani Alhaji mai sayar da yadi a Ƙofar Taramniya. Magabatana sun je, an karɓe su hannu bibbiyu, amma Alhaji ya ƙi sa rana. Sana'ata ce ta tsaya masa a rai. Wani ya gaya masa wuni nake yi a ofis ina kallon talabijin, shi kuwa ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da ba a san abin da hannunsa ke yi ba. Maganar nan ta hana ni sukuni, don ina son yarinyar nan ba kaɗan ba.

Ana haka kuɗin man fetur ya waiwayo tituna. Aka kafa kwamitin faɗaɗa hanyoyi, aka ba wani Manjo shugabanci, mutumin da ko gaisuwa yake amsawa sai ka ji kamar ka yi laifi. Dokarsa ɗaya ce: duk ginin da ya shiga mita talatin daga tsakiyar titi, kwamfuta ta shafa masa ja a taswira, katafila kuma ta bi ja. Cikin titunan har da wani a unguwar Gidan Igwai, inda Alhaji yake da shago na biyu. Sai bakina ya ja mini. Na ce wa Balkisu ai ni ne mai shafa jan, kafin kowa ya sani ni zan sani. Ta gaya wa mahaifiyarta, mahaifiyarta ta gaya wa Alhaji, ranar Laraba da hantsi sai ga masinja ya leƙo ya ce ina da baƙo.

Alhaji ne da kansa, da babbar riga da carbi. Na zube na kwashi gaisuwa. Ya ce ya zo ya ga talabijin ɗin da ke rushe shaguna. Na shigar da shi ɗakin kwamfuta, na jawo masa kujera, wadda ita kaɗai ce a ɗakin, irin mai juyawar nan. Ya dube ta sama da ƙasa, ya tattare rigarsa, ya harɗe a kan kafet.

"Zamna ka yi aikinka, yaro," in ji shi. "Ni ƙasa ta hi mani daɗi."

To, ku gaya mini, wane ɗan mutunci ne zai haye kujera mai juyawa alhali wanda yake so ya zama surukinsa yana ƙasa? A gidanmu ko inuwarsa ba a haɗa ido da ita. Sai na ture kujerar gefe, na tsuguna a gaban tebur, na sunkuyar da kai, na miƙa hannu sama ina laluben linzamin kwamfuta, wato ɗan abin nan da ake ja a kan tebur ana dannawa. Daga inda nake, gefen tebur nake gani da ƙasan allo kawai. (Na gaya muku na ce ko ido rufe zan iya. Allah ya ji ni.)

Akwati ya buɗe. Na zaɓi titi da ka, na buga talatin da ka, na kai hannu gurbin ma'auni inda ake zaɓar mita, na danna wani wuri da nake zaton nan ne, na danna maɓallin ƙasa. Abin da ban sani ba, dannawata ta faɗi a gefe, gurbin yana nan yadda yake buɗewa, a kan digiri, ma'aunin da ake auna duniya da shi. Digiri ɗaya ya fi kilomita ɗari. Ni kuwa na ba ta talatin.

Kwamfuta ta fara gurnani. Daidai nan ƙofa ta buɗe, Madam Saratu ta shigo, Manjo na biye da ita da takalminsa, don ba a haifi wanda zai ce ya cire ba. Ya zo duba aiki. Suna tsayawa, allo ya rine ja wur daga sama har ƙasa.

Manjo ya tambaya ina jan ya tsaya. Madam ta sunkuyo ta kaina ta karɓi linzami, ta fara ja da taswirar baya. Gidan Igwai ja. Ƙofar Taramniya ja, har da gidan Alhaji da ɗakin da nake zuwa zance. Ta ƙara ja: Kwalkwalawa da jami'a sun tafi, barikin su Manjo ya tafi. Akwai taswirar Afirka da Madam take ajiyewa a ƙarƙashin tamu, sai ga ta ta bayyana. Nijar babu, Ghana babu, Kamaru babu, jan ya faɗa teku ya yi nisa, ta gabas kuma ya haɗiye Chadi ya shiga Sudan. Gumi ya karyo mini a ɗakin da ya fi ko'ina sanyi a Sakkwato, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, ga shi kuwa dama ina kusa da ita.

Can Alhaji ya ɗaga carbi ya nuna wani ɗan gefe a hannun dama.

"Ɗiyata, mi na wancan ɗan hilin da ja bai kai ba?"

"Baba, can ne Saudiyya," in ji Madam.

"To, alhamdu lillahi. Ko ba komi an bar muna wurin gudu."

Madam ta toshe baki da gefen gyalenta, kafaɗunta na girgiza. Manjo ya daɗe yana kallon allo, sannan ya ce ko su da suke da tankokin yaƙi ba su taɓa yin wannan dogon buri ba. Sai a lokacin ya lura da ni a ƙasa, ya tambaya me nake nema a ƙarƙashin tebur. Madam ce ta yi masa bayani a kunne, tana nuna Alhaji da ido.

"Hau kujera," in ji Manjo. "Oda ce."

Soja a kaina, suruki a gefena. Na rasa wanda zan saɓa wa, sai na raba gardama: na ɗosana rabin mazaunina a bakin kujera, ƙafa ɗaya a durƙushe. Kujera mai taya ce. Ta sulale baya, na zauna daɓas a ƙasa, hulata ta gangara ta tsaya a gaban Alhaji. Shi ya ɗauka, ya kaɗe ta, ya miƙo mini.

A ƙarshe dai na hau, na sake buɗe akwatin, na ga digirin nan yana zaune a gurbinsa ko kunya babu. Na mayar da shi mita. Wani siririn jan layi ya bi gefen titi, ya ci rumfar gaban shagon Alhaji, ya bar ginin. Alhaji ya duba, ya ce madalla, ya miƙe ya sa takalminsa ya fita, bai ko waiwaye ni ba.

Kwanakin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba. A ofis aka sa mini suna Katafila, har mai shayin bakin ƙofa da shi yake kirana. Ƙofar Taramniya kuwa na daina bi ko a kan hanya, don na riga na yanke wa kaina hukunci cewa Balkisu ta fi ƙarfina. Na rame, na daina tafiyar nan ta masu kwamfuta.

Sai wata Juma'a bayan an sauko, kawuna ya zo gida yana dariya tun daga zaure. Ashe Alhaji ne ya aika aka kira magabatana. Ya ce musu har yanzu bai gane sana'ar yaron ba, kuma a ganinsa yaron ma bai gama gane ta ba. Amma ya ƙara da cewa, "Yaron da ya gwammace shi rushe duniya da shi zamna bisa kujera ina ƙasa, shi na zan ba ɗiyata." A zaman nan aka sa rana.

Abin da na koya shi ne, kwamfuta ba ta san suruki ba, kuma ba ta karɓar ladabi a madadin amsa. Tun daga nan, in akwati ya buɗe, zama nake daram a kujera in karanta kowane gurbi, ko wa ke ɗakin. Tsugunon na bar shi sai na je gaisuwa gidan Alhaji, inda babu abin dannawa.