Sabulun Kaka Da Tawadar Jika

"Lafiya lau, sai dai ƙafa. Kai kuma ina gajiyar zaman banza?"

Haka Kaka ta amsa gaisuwar jikanta, tana sauke jaka a kan teburin yankan takarda. Shagon ɗab'i ne ɗan ƙarami, inji ɗaya a lungu yana huci, warin tawada ya kama har labule. Jikan nata ne ke juya injin, shi ya sa tun da ya fara aikin ta ajiye sunansa na yanka, sai Baƙin Hannu. Shi kuwa Amarya yake ce mata.

Abin da ya kawo ta ba wasa ba ne. Ta daɗe tana haɗa sabulun ruwa a bayan ɗakinta, tana ɗurawa a robobi, maƙwabta na saye. Sai ga wani mai babban kanti ya ce zai jera mata a kantarsa, amma kowace roba ta zo da takarda mai suna a jikinta, kuma jibi. In jibi ta wuce, wani zai ba gurbin.

Baƙin Hannu ya zaro takarda guda, shuɗin rubutu da ɗan fure a gefe, ya ce ta duba ta sa hannu, shi kuma ya buga sauran kafin la'asar.

"Ɗari uku na ce, ka kawo mini ɗaya. Rowar taka har ta kai ga takarda?"

Ya yi mata bayani cewa haka aikin yake: a fara buga ɗaya ta gwaji, mai kaya ya gani ya sa hannu, daga nan duk abin da ya biyo baya ba ruwan mai inji.

"Wato in ɗauke maka laifi tun kafin ka yi shi."

"Amarya, ke ko laifin ma ba ki iya ɗauka, sai an kama miki."

"Na goyi ubanka a bayan nan, kuma kansa ya fi naka girma."

Ta juya takardar gaba da baya, ta tambayi yadda suke kiranta a bakin aiki. Ya faɗa mata da Turanci, wai "proof". Ta gwada maimaitawa, kalmar ta sulale ta giɓinta ta fita. Shi kuma, don ya nuna an yi boko, ya ƙara da cewa da wannan kalma ɗaya Turawa ke kiran hujja a gaban alƙali, da ita suke auna ƙarfin barasa, har agogon da ruwa ba ya shiga ma da ita ake masa kirari.

Abin ya ɗaure wa Kaka kai. Ta ce ashe masu jirgin sama ma suna talaucin baki, amma dai ya gaya mata abin da ya haɗa takarda da kwalbar giya. Ya sosa ƙeya, ya ce wataƙila don duk abubuwa ne da aka gwada aka ga sun tsaya.

"To, wannan wa ya gwada ta?"

"Ni mana. Ba ga rubutu ya fita ras ba?"

"Wannan kallo ka yi. Gani ba ci ba ne."

Ta lashi babban yatsa ta goga a kan rubutun. Bai motsa ba. Ta jawo gorar ruwan shansa ta tsiyaya a kai. Nan ma shiru. Baƙin Hannu ya harɗe hannu a ƙirji, ya ce tawadarsa ta fi gwiwoyinta ƙarfi, in ta ga dama ta kai takardar rijiya ta kwana. Ya miƙa mata biro.

Ba ta karɓa ba. Jaka ta buɗe, ta fito da robar sabulu guda. Ta tambaye shi ko ya taɓa ganin robar sabulu da busasshen jiki, sannan ta ce ta manta, wanda ke wanka Juma'a zuwa Juma'a ba zai sani ba. Ta manna takardar a jikin robar, ta karkata ta kamar mai wanke kwanuka cikin sauri, sabulu ya ɗigo ta wuya ya gangaro. Ta damƙe da jiƙaƙƙen hannu, ta saki.

Sunan ya narke. Furen ya koma shuɗin gajimare.

Yaron nan ya matso. Ya ɗauki robar ya kai kusa da ido, ya sansana, ya ɗiga kaɗan a kan wata takarda da ya buga jiya, ya tsaya kallon haruffa suna bin juna. Can ya tambaye ta me take zubawa a ciki.

"Sirrin amarya kake so tun ba a ɗaura ba?"

"Wannan ba sabulu ba ne, Amarya. Da shi kike wanka? Ai ga inda haƙoran suka tafi."

Ta ce yabo ne, ta karɓa.

Ya shiga lungu ya buga wata, ya lulluɓe ta da wata siririyar leda garai-garai, ya tura cikin ƙaramin inji mai zafi. Kaka ta matso har mayafinta na neman shiga, tana tambayar yadda wuta ke taɓa leda ba ta ƙone ba. Ya ce daidai ake ba ta, kamar gugar riga. Da ta fito, ta manna, ta zuba, ta murza, ta canza hannu ta sake murzawa sai da kafaɗa ta amsa. Rubutu na nan daram.

Sai a lokacin ta yarda. Ta ce biro na masu boko ne, ta danna babban yatsanta a ƙasan takardar, dama ga shi shuɗi fal da tawadar farko.

Baƙin Hannu ya kalli robar da ta ɓaci, ya yi dariya yana girgiza kai.

"Na sallama. Da ɗari ukun nan sun shiga kanti a haka, da ke da ni duk mun sha kunya. Bar mini robar nan, da ita zan riƙa gwaji."

Ta tura masa ita, ta rataya jaka.

"Riƙe. Amma in aka tambaye ka wa ya koya maka aiki, kada ka ce inji."