Sirrin da Na Liƙa a Bayan Babur

Ni ke kula da na'urar raba intanet a shagon yayana a Gwarzo, kuma a lokacin gani nake duk yammacin Kano babu wanda ya kama ƙafata.

Na'urar tana rarraba saƙonnin da ke shigowa cikin dubban kwanduna, don ta riƙa nemo kowanne nan take. Akwai lambar sirri da take ƙirƙira da kanta, wadda ke hana mugu sanin kwandon da saƙonsa zai faɗa. Ni kuwa don tsabar iyayi na ce yawan canjawarta yana ɓata mini gwaji. Na cire ta na kafa lambar babur ɗina, har na yi ta fankama da hakan a gidan suna a Kabo.

Taubashina Sadisu yana gefe yana cin waina. Shi ma ya karanci kwamfuta, amma wa yake lissafi da shi?

Ranar da ɗalibai suka cika shagon suna rajistar jarrabawa, Sadisu ya antayo mana saƙonnin da ya tsara su faɗa kwando guda. Na'ura ta yi ta lalube har ta sandare. Yaya ya ce, "Kai da injiniyancinka ku fice mini daga shago."

Na kai ƙara wurin Inna ina huci. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Wasan taubasai ne, ba a fushi."

Wai wasa. Har yau in na ajiye babur a kasuwa, sai wani ya leƙa bayansa ya ce, "Injiniya, a rufe sirrin nan mana."