Yadda Za Ka Tsira da Kujerarka Albarkacin Na'urar Tace Iska

Ka ji Oga zai sallami mutum ɗaya a ofishinku, kuma kowa ya san kai ne ba ka tsinana komai sai juya biro? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na rantse ba mai taɓa maka kujera.

1. Riga kowa bayani

Na'urar da aka kafa a lungu, da lantarki take jawo ƙura ta manna a farantan ƙarfe. In babbar ƙura ta faɗa mata sai ta yi ƙas! Kai kaɗai ka karanta takardarta, to ɓoye ta. Raɗa wa Inna mai shara cewa iska take tacewa, har da 'ya'yanta: duk wanda ta yi wa ƙara, ɗan iska ne. Rashin sani ya fi dare duhu, kai kuwa duhun kake nema.

2. Zaɓi ɗan iskanka

Mai fayil ya fi dacewa. Bawan Allah ne, amma kullum rungume yake da tsofaffin takardu. Yana giftawa za ta yi ƙas. Kada ka ce uffan. Girgiza kai kawai, kamar ka daɗe da sani.

3. Kada a wanke farantan

Takardar ta ce duk wata. Ƙyale ta. Dauɗa tana yawa, shaida tana ƙaruwa.

4. Kai kuma kewaya

Ta bayan kabad za ka riƙa bi. In an tambaya, ka ce ƙafa kake motsawa.

5. In Oga ya matso kusa

Zai dawo daga tafiya wata rana, ƙura har gira, ya tsaya ya ɗan bubbuga na'urar don alfahari. Za ta yi ƙas sau uku. Inna, mai tausayi ce, za ta jingine tsintsiya ta ce, “Ranka ya daɗe, kar ka damu, ƙila kuskure ta yi. Ai shi ya ce 'yan iska kaɗai take yi wa haka.”

Za ta nuna ka da baki. Wannan matakin har yau ban gama nazarinsa ba.

A kula

Duk abin da ya biyo baya, ba ruwan marubuci. Mai ƙorafi ya same ni a bencin ƙofar tsohon ofishinmu. Tun ranar nake nan ina shan iska, wadda ba a tace ba.