Ranar da Na Kira Inna a Gaban Jama'a

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka zura min tsinken gwajin korona a hanci ba. Ko na so in manta ma, 'yan unguwarmu ba za su bar ni ba.

Lokacin kulle ne. Ina Wudil inda nake koyarwa, mahaifiyata tana Utai, nan kusa, amma na yi makonni ban sa ta a ido ba. Inna tana fama da asma, shi ya sa ƙanwata Hadiza, wadda ke kula da ita, ta kafa min doka ta waya: "Yaya, don Allah kada ka zo sai an gwada ka." Kewa ta dame ni ƙwarai. Ko tuwo na sa a gaba, sai in tuna yadda take malala min man shanu, in ji abincin ya fita raina.

A unguwarmu kuwa ba mai son jin zancen gwaji. A teburin Sani mai shayi (wanda kullen bai taɓa hana shi hura wuta ba) wani ya ce ai a jikin tsinken cutar take, wani ya ce duk wanda aka gwada sai an kwashe shi an killace a Kano. Ni kuma malamin makaranta, abin nema ya samu, na dinga zuba musu lacca. "Haba jama'a, 'yar auduga ce fa! Ko jariri ba zai yi kuka ba." A lokacin ban taɓa ganin tsinken ba, amma wannan ban faɗa musu ba.

Ranar da masu gwajin suka zo, na jawo mutane suka yi layi a bayana, na gyara hula na fara zama. Ma'aikacin ya ce, "Malam, ɗan ɗaga kai." Tsinke ya shiga, ya ci gaba da shiga, har na ji kamar ya taɓo ƙeyata. Ban san lokacin da na damƙe hannun bawan Allahn nan na kurma ihu ba: "Wayyo Inna!" Ni da furfurata a gemu. Hula ta faɗi, hawaye shaɓe-shaɓe. Kafin in buɗe ido layi ya watse, Sani kaɗai ya rage, ya riƙe ciki yana dariya.

Da sakamako ya fito ba ni da komai, na hau babur sai Utai. Ashe labari ya riga ni isa. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon gefe, don ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa faɗin sunana ko ta sake da ni a gaban mutane ba. Can sai ta dubi Hadiza ta ce, "An ce wani ya kira ni a Wudil. Ki gaya masa na ji, kuma na amsa." Hadiza ta fashe da dariya, ni kuwa na sunkuyar da kai, kunya da daɗi sun cika ni.

Yanzu Inna ta rasu, Allah Ya ji ƙanta. Na dai koyi cewa abin da ban taɓa gwadawa ba, ba na tara masa 'yan kallo. Amma da za ta sake amsawa, wallahi a tsakiyar kasuwar Wudil zan tsaya ranar Juma'a in ƙwala mata kira, kowa ya yi dariyarsa.